Awon Ƙofa

Ranar da aka kawo Inna, Nazeefa ba ta gida. Tun bayan asuba ta tafi Paikon Kore ɗauko madara, ta dawo da hantsi jarkoki cike a bayan mota, sai ta tarar da wata doguwar mota mai lambar Katsina ta tare mata wurin ajiye tata. Mijinta Uthman yana tsaye a tsakar gida da kayan ofis, yana nuna wa direba inda zai sauke jakunkuna. A gefensa ga mahaifiyarsa a kan keken marasa lafiya, an lulluɓe mata ƙafafu da zani, hannunta na dama a yashe kan cinya kamar ba nata ba.

Nazeefa ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta ɗora mata hannun hagu a ka, ta yi magana da bakin da ya karkace tun ciwon bara.

"'Yata, na zo in ɗora miki nauyi."

"Haba Inna, ai gidanki kika zo."

Uthman ya ja matarsa gefe ya rage murya. "Likitan Funtuwa ne ya ce a kawo ta babban asibiti. Kwana biyu ne kawai, Maman Sumayya. Ni ma sai da suka iso Zuba suka kira ni."

"To a ina za ta kwana? Ɗakunanmu duk a sama suke."

Sai ya juya ya dubi ɗakin baya.

Wannan ɗaki ba ɗakin baƙi ba ne. Shi ne abin da Nazeefa ta samu a madadin kujerarta ta banki. Ta daɗe tana cewa za ta ajiye aiki ta kama sana'ar kindirmo, shi kuma Uthman ya daɗe yana ce mata mai hankali ba ya wasa da albashi. Sai bayan ƙaramar sallar bara, da ya dawo daga Funtuwa, mutumin ya juye kamar an sauya shi. Shi ya riƙa tuna mata yadda take dawowa gida bayan isha'i ƙafa a kumbure. Shi ya ce ya isa haka, ta gaji da yi wa wasu bauta. Shi ya nemo magini, wani Bartholomew, ya tsaya a kansa aka gyara ɗakin da kuɗin da ta daɗe tana tarawa. Aka sa tayil har bango, aka ja famfo, aka yi makewayi a ciki da ƙarfen dafawa saboda santsi, aka faɗaɗa ƙofa saboda firij. A bakin ƙofar kuma, maimakon matakala, ya sa aka zuba gangaren siminti don kada ta riƙa ɗaga jarkoki. Ƙawayen Nazeefa sun sha labarin gangaren nan har sun gaji. Cewa take namijin da zai tuna da ciwon bayan matarsa kafin ita ta tuna, sai an tona.

Aka fito da manyan tukwane aka jera a baranda. Aka tura firij lungu, aka shigar da gado. Keken Inna ya hau gangaren sumul, ya shige ƙofar ko gefe bai goga ba.

"Alhamdulillahi da muka yi gangaren nan," in ji Nazeefa.

"Kin gani ko," in ji Uthman. Ya duba agogo, ya ce yana da mitin, ya shiga mota.

Wanda bai san kindirmo ba zai ɗauka wasa ne. Madara ba ta jiran kowa. Matan rugar Paikon Kore suna gama tatsa rana na fitowa, in mai saye bai iso ba kafin zafi ya taso, ta fara juyawa. In an kawo ta gida a tace, a tafasa, a bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, sannan a zuba mata iri, wato ɗan kindirmon jiya da ake ragewa don ya kama na yau. Irin Nazeefa ba na kanti ba ne. Batulu ce ta ba ta, babbar matan rugar, daga cikin ƙwaryarta ta ɗebo, bayan ta ga 'yar birnin nan ta yi ta zuwa ba fashi. Shi ya sa kindirmonta yake da ƙamshin da na kamfani ba shi da shi, shi ya sa kuma Alhaji Aminullahi, wani Bakano mai babban kanti a unguwar Gudu, ya ware mata layi guda a firij ɗinsa. Amma iri rai gare shi. In aka bar shi ba sabuwar madara, tsami zai yi ya mutu.

Ita ma Inna da asuba take buƙatar mutum. A lokacin ne ake sauya mata shimfiɗa, a wanke ta, a yi mata alwala, a ɗaga ta ta yi salla a zaune, a dama kunu a ba ta da cokali kafin ta sha magani. Aikin mace ne, kuma yaran gidan suna makarantar kwana. Washegari Nazeefa ta gama duk wannan, ta fita da gudu, ta isa ruga rana ta ɗaga. Batulu ta taɓa jarka ta girgiza kai.

Kwana biyun Uthman suka zama mako, mako ya zama wata. An je asibiti, likita ya rubuta magani da gashin jiki, ya ce a ci gaba da kula da ita a gida. Ba wanda ya sake ambaton Funtuwa.

"Abban Sumayya, a samo mai jinya mana, ko da ta safe kawai," ta ce masa wata rana yana ɗaura agogo.

"Ana nan ana nema."

Da ta sake tuna masa, sai ya ce, "Mahaifiyata a hannun bare, alhali matata tana gida? Me mutane za su ce?"

"Ba a gida nake ba, aiki nake yi."

"Na sani mana. Amma ke ce ogar kanki. Ni in na makara akwai mai tambayata. Ke wa zai tambaye ki?"

Wannan magana ita ce ta zama waƙar gidan. Yayarsa Hadijatu, wadda take babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, takan zo ranar Lahadi da yamma da ledar lemo da tuffa. Ta zauna a bakin gado, ta gyara wa Inna ɗankwali, ta ɗauki hoto ta tura guruf ɗin 'yan gida, a yi ta zuba addu'a ana cewa Allah ya saka wa Uthman, ɗa nagari. Ranar da Nazeefa ta roƙe ta ta riƙa kwana ko da daren Juma'a ne, sai ta kama haɓa.

"Wallahi ƙanwata da ina da hali. Kin san yanzu ake maganar ƙarin girma, ido a kaina yake. Ke kam ai Allah ya hutar da ke, ba ki da oga."

"Yaya, madara ce ogata, kuma ta fi na banki tsanani."

Hadijatu ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ɗauka raha ce.

Nazeefa ta koma yin kindirmo a kicin. Kicin kuwa na girki ne, ga albasa ga daddawa, madara kuma ba abin da ba ta ɗauka. Wata rana ta ɗora tukunya sai ta ji Inna ta kira, ta je ta tarar tana neman zamewa daga gado. Kafin ta gyara ta, ta dawo, madarar ta kama ƙasa, ƙauri ya cika gidan. Ta tsaya a gaban tukunyar tana hawaye, sannan ta share fuska ta koma, don tsohuwar tana ta ba da haƙuri kamar ita ta ƙona.

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Inna ba ta da laifi ko kaɗan. Mace ce mai kunya, wadda takan danne fitsari har ya gagare ta don kada ta tashi surukarta daga aiki. Ita ce ta zo ta yi wa Nazeefa wankan jego lokacin haihuwar Sumayya. Amma duk da haka Nazeefa takan kama kanta tana goge mata jiki tana satar kallon agogo, haushi yana taso mata. Sai ta yi istigfari, ta ƙara tausasa hannu. Ta fara ganin kanta a matsayin muguwa.

Tun kafin zuwan Inna ta nemi rajistar hukumar da ke duba kayan abinci, don Alhaji Aminullahi ya ce manyan kantuna ba sa karɓar kwalba ba lamba. Ranar da masu dubawa suka zo ganin wurin aiki, ta roƙi Uthman a mai da Inna falo na yini ɗaya. Ya ce uwarsa ba kaya ba ce da za a riƙa ja daga ɗaki zuwa ɗaki. Mutanen suka leƙa, suka ga gado da keke da robar wanka a inda ya kamata su ga tukwane. Suka yi wa Inna sannu cikin ladabi, suka ce wa Nazeefa ta sake nema idan ta shirya.

Daga nan fashi ya fara yawa. Yau Inna ta kwana da zazzaɓi, gobe mai gashi zai zo da safe, jibi ranar asibiti ce kuma Uthman yana Legas taro. In ta kira Batulu ta ce ba za ta samu zuwa ba, sai kawai a ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar da ta samu ta kai 'yan kwalabe Gudu, ta tarar layinta na firij cike da yogot ɗin wani kamfani. Alhaji Aminullahi ya fito daga bayan kanta yana murza carbi.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Mutane sun zo sun tambaya, sun sake zuwa sun tambaya, har sun daina. Ni kuma firij wuta yake ci, ba zan bar shi fayau ba."

"Alhaji, mara lafiya gare ni a gida."

"Allah ya ba ta lafiya. In kin daidaita ki dawo mu gani." Ya karɓi kwalaben don kunya, ya tura su can ƙasa bayan ruwan roba.

A makon ne ta buɗe kwanon iri ta tarar ruwa ya tsaya a sama, wari ya sauya, gefe ya yi furfura. Ta daɗe riƙe da shi. Ta zubar a magudana, ta wanke kwanon, ba ta gaya wa kowa ba, don ba wanda zai gane abin da ya mutu.

Famfon makewayin Inna ya fara yoyo, sai ta kira Bartholomew. Ya zo da jakarsa, ya rusuna ya gaida tsohuwar, ya gyara abin da ya kawo shi. Da zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa bangon da tafin hannu, irin na mai alfahari da aikinsa.

"Madam, ka gani ko? Keke na Mama yana shiga lafiya lau. Ba ya taɓa ko'ina."

"Wallahi kuwa. Allah ne ya taimaka muka yi ta da faɗi."

"Ah, ba haka kawai ba ne, Madam. Oga ya ba ni awo na keken. Lokacin da muna fasa bango ya kira gida, suka auna, suka faɗa masa. Ni na ce a sa matakala biyu ya fi kyau, ya ce a'a, Mama ba zai iya hawa ba. Ƙarfe na makewayi ma ya ce in sa a hagu, saboda hannu na dama ba ya aiki." Ya ɗaga jakarsa. "Oga yana son Mama sosai. Allah ya ba shi lada."

Nazeefa ta sallame shi. Ta koma ta tsaya a ƙofar makewayi tana kallon ƙarfen. A hagu yake. Watanni ta yi tana wanke tukwane a ɗakin nan, ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa ba. Lokacin da ake fasa bangon nan, ko takardar ajiye aiki ba ta kai ba. Ta tuna ranar da ta tsaya gaban manaja yana roƙonta ta sake tunani, tana ce masa mijinta yana bayanta ɗari bisa ɗari. Ta fito ta zauna a kan gangaren.

Bayan magariba Uthman ya dawo. Ta bari ya zauna, ta zuba masa abinci, ya kai loma biyu.

"Abban Sumayya, yaushe ka sa aka auna keken Inna?"

Cokalin ya tsaya a hanya. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Bartholomew ya zo gyaran famfo."

Ya ajiye cokalin. Ta ɗauka zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Sai ya gyara zama ya haɗa yatsu, kamar yadda yake yi in zai yi wa ƙananan ma'aikata bayani.

"To, tunda kin ji. Da salla muka zauna. Matar ƙanina Nazeer da ke kula da Inna a Funtuwa ta gaji, har yaji ta yi a kan jinyar nan, shi kuma ƙaramin yaro ne, aurensa zai mutu. Yaya Hadijatu kin san matsayin da take nema. Ni kin san yanayin aikina. Ke kuma kullum kina kukan banki ya ishe ki. Na ga abu biyu sun dace da juna, na haɗa su. Ina laifi a nan?"

"Ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ki, cewa za ki yi sai kin yi tunani."

"Da ka tambaye ni, da na ce to." Ta dube shi. "Inna ce fa. Da ka zo ka ce min ga halin da ake ciki, wallahi da na ce a kawo ta. Sai in kama ɗan shago a waje, in samo wadda za ta riƙe min safiya, in tsara abina kamar mai hankali. Amma ka zauna da 'yan'uwanka kuka yanke yadda za a yi da rayuwata, ka dawo kana shafa min kai kana cewa na gaji da bauta. Ka sa na gina ɗakin jinya da kuɗin guzurina ina ta murna. Ka bar ni ina yawo gari ina ba da labarin gangare."

"Ki rage murya, za ta ji. Kuma lada kike samu, ki daina magana kamar wadda aka cuta."

"Ladan ma ka ɓata min shi. Kullum ina wanke baiwar Allah ina jin haushinta a raina, ina zaton ita ta faɗo min a tsakiyar sana'a, ina tuba ina sakewa. Da da niyyata na shiga, da zuciya ɗaya zan yi. Ka raba ni da aiki, ka raba ni da sana'a, ka hana ni ko da in ce ni na zaɓa."

Uthman ya ture farantin. "Nazeefa, nono ne fa. Nono. Sai ka ce wani kamfanin mai aka rufe miki."

Ta dube shi sosai. Wannan bakin ne ya ce mata kindirmonta zai shiga kowane kanti a Abuja.

"Gobe da asuba zan tafi Paikon Kore," ta ce. "Zan yi mata wanka kafin in fita. Kunu da magani da zama da ita, naka ne, ko ka kira Yaya."

"Gobe ina da mitin da babban sakatare."

"Ka gaya masa mahaifiyarka ba ta da lafiya. Shi ma uwa ce ta haife shi."

Haka kuwa ta yi. Kafin a kira salla ta wanke Inna ta sauya mata kaya. Ta samu Uthman a kan sallaya, ta ce masa ga gasara a kicin, ga magani a kan kujera, sai Inna ta ci abinci ake ba ta. Bai ɗago ba. Ta zuba jarkoki a mota ta fita, tana tuƙi zuciyarta tana tafasa har ta wuce Giri.

Ta isa ruga ana cikin tatsa. Batulu ta miƙe daga gindin saniya tana goge hannu a zani.

"Hajiya, ashe kina duniya."

"Ina nan, Batulu. Na dawo."

Batulu ta dubi jarkokin, ta dubi wani mai babur da ke tsaye can gefe da manyan gwangwanaye, mata suna layi a gabansa.

"Kin makaro. Mun sha tara miki madara mu zauna jira har rana ta take, mu ɗauka a ka mu kai Gwagwalada mu sayar a wulaƙance. Matan nan da ita suke sayen hatsi. Wannan na kamfani ne, bai kai ki saye da daraja ba, amma ko ruwa ake yi sai ya zo. Shanu kullum sai an tatse su, Hajiya."

Nazeefa ba ta kawo uzuri ba, don ta san gaskiya aka faɗa mata. Ta ce, "Irin da kika ba ni ma ya mutu."

Batulu ta shiga bukka ta fito da ɗan kwano mai murfi, ta ɗebo daga ƙwaryarta ta rufe, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ki raya shi yau, ko da madarar gari ce. Damina ta kusa, nono zai yi yawa, zan yi wa matan magana su rage miki. Amma sai na ga ƙafarki a nan kowace safiya. In kin sake ɓacewa, ba ni da bakin da zan sake yi musu magana."

Nazeefa ta ɗora kwanon a kujerar gaba, ta tokare shi da jakarta. A hanya har ta fara lissafin yadda za ta yi. Tunda yau Uthman ya zauna, gobe ma zai san yadda zai yi. In ya ji a jikinsa, mai jinyar da ake ta nema za ta samu kafin Juma'a.

Da maigadi ya buɗe mata ƙofa, motar Uthman ba ta nan.

"Oga ya fita tun da safe, Madam. Kina fita ba daɗewa shi ma ya fita."

"Wa ya zo?"

"Ba kowa."

Da kwanon a hannu ta ruga ɗakin baya. Inna ta zame daga matashi, ta karkace a ɓarin da ba ya motsi, fuskarta dab da bango. Leɓɓanta sun bushe, hannunta na hagu yana rawa. Ga magani a kan kujera yadda aka ajiye shi. Nazeefa ta dire kwanon, ta rungumo ta ta tayar, ta ba ta ruwa.

"Sannu Inna, sannu. Bari in dama kunu yanzu."

Tsohuwar ta shaƙi iska, idonta ya sauka kan kwanon. "Nonon ruga nake ji? Rabona da shi tun ina da ƙafa."

Nazeefa ta dubi kwanon, ta dubi hannun da ke karkarwa don yunwa. Ta ɗauko cokali ta zauna a bakin gado. A ranta ta ce cokali ɗaya ma ya isa iri, za ta rage na ƙarshe.

Tana cikin ba ta, waya ta yi ƙara. Saƙon Uthman ne. An kira shi da gaggawa, ya ce, kuma ya san ba za ta daɗe ba.

Ta kife wayar a kan katifa. Wato bai ma yi fushi ba, bai kuma tsorata ba. Ya bar uwar da ta haife shi ita kaɗai a ɗaki, don ya tabbata akwai wadda ba za ta iya barinta ba. Yadda ya sa aka auna keke kafin a fasa ƙofa, haka ya auna matarsa tun tuni. Ya san iyakar inda fushinta zai kai ta, ya san a nan za ta juyo.

Inna ta haɗiye, ta kama mata wuyan hannu.

"'Yata, akwai maganar da nake ta so in yi miki, kunya ta hana ni. Uthman ya gaya min komai. Ya ce ke kika matsa a kawo ni. Ya ce saboda ni kika bar bankin, kika gina min ɗakin nan da kuɗinki. Wadda na haifa ba ta yi min haka ba." Hawaye ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. "Allah ya ba ki masu yi miki."

Nazeefa ta buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshenta, amma in ta faɗe ta, a kan wannan tsohuwar za ta sauka, ba a kan mai laifin ba. Wannan ma ya san da shi.

"Ba komai, Inna," ta ce. "Amin."

Saura cokali ɗaya a gindin kwano. Ta kankare shi ta ɗago. Ta tuna Batulu, ta tuna gobe da asuba, ta tuna wanda zai kasance a ɗakin nan gobe da asuba. Inna ta buɗe baki tana jira. Ta ba ta, ta goge mata haɓa, sannan ta miƙo magani.

Da yamma Uthman ya dawo da abokan aikinsa su duba Inna. Suka tsaya a baranda kusa da tukwanen da ƙura ta rufe, suna yaba ɗakin, suna cewa ba kowane ɗa ne zai yi wa uwarsa irin wannan tanadi ba. Nazeefa ta fito da robar wanki a hannu, ta gaishe su. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Madam har yanzu tana banki?"

"A'a, ta ajiye," in ji Uthman. "Tana gida tana hutawa."

Ta ratsa ta gefensu ta sauka gangaren, ta je ta zubar da ruwan.